Tulun Zumar Malama Rifkatu

Nassarawa GRA,
Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Zariya lafiya, Ya haɗa ki da abokan zama nagari da malamai masu tsoronSa, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane. Na saka wannan takarda a ƙasan akwatinki don kada ki gan ta sai kin isa. Na san halina, na san naki. Da a baki zan yi maganar, da ina kallon ƙasa kina kallon ƙasa har mota ta tashi ba a ce komai ba.

Kusa da takardar za ki ga wani abu naɗe a cikin tsohon zanena. Ɗan tulu ne na ƙasa. Ba naki ba ne, ba kuma nawa ba. Na Malama Rifkatu ne, kuma ke nake so ki mayar mata da shi. Kina iya tuna ta: maƙwabciyarmu ta bayan shinge, uwar Saratu, wadda muka koyar tare a makarantar 'yan mata, ita Turanci, ni tarihi. Tun ranar da suka bar Kano ban sake jin muryarta ba, kuma babu abin da nake so yanzu kamar ta karɓi tulun nan daga hannunki. Amma kafin ki kai, sai kin san yadda aka yi ya zauna a gidanmu. Tun da kin zaɓi karatun tarihi, labarin zai yi miki amfani fiye da duk wani darasi da na taɓa rubutawa a allo.

Kin san gafakar fatar da kakanku Malam yake ratayewa a ɗakinsa. A cikinta akwai takardun ajami da ke ba da labarin Mai Tambari, sarkin yaƙin nan da ya ci ƙasashen kudu da mu tun kafin jihadi da daɗewa. A gidanmu ana cewa kakanninmu malaman fadarsa ne. Muna yara, ran Juma'a bayan la'asar, Malam yakan shimfiɗa buzu ya karanta mana. Wurin da na fi so shi ne inda Mai Tambari ya isa gindin wani tsauni. Takardar ta ce bai zare takobi ba. Mutanen tsaunin da kansu suka sauko da tulunan zuma a ka, suka ce sun ji labarin adalcinsa. Shi kuma ya sa aka haƙa musu rijiya. Daga nan kowace shekara suke saukowa da zuma, don ƙauna.

Kuskurena na farko shi ne na yarda da wannan gaba ɗaya, ba don na auna shi ba, sai don a rubuce yake, da harafin da ake rubuta abin girmamawa, kuma da muryar ubana na fara jin sa. Na girma, na yi karatu, na tsaya gaban ɗalibai ina gaya musu su riƙa tambayar kowane labari daga ina ya fito, amma ban taɓa yi wa gafakar gidanmu wannan tambayar ba. Ko shafin ƙarshe ban taɓa karantawa ba, domin Malam yakan rufe da zarar an gama yaƙe-yaƙen. Sai da na manyanta na duba. A nan marubucin ya faɗi sunansa, ya yi wa kansa addu'a, ya kuma ce ya rubuta ne bisa umarnin wani tattaɓa-kunnen Mai Tambari, a lokacin da yake neman a naɗa shi sarautar yankin da tsaunin yake ciki. Ashe marubucin bai ga Mai Tambari ba, bai ma ga wanda ya gan shi ba. Kuma wanda yake ciyar da shi yana bukatar a ce mutanen nan da son ransu suka bi kakansa.

Don haka, Ummi, duk takardar da aka miƙa miki, ki fara da bayanta. Wa ya rubuta? A gidan wa yake cin tuwo? Tsakaninsa da abin da yake faɗa akwai bakuna nawa? Wa ake so ya ji? Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Islamiyya an koya miki cewa malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi wa ya ji daga wa. Alƙalin Musulunci kuwa ba ya karɓar shaidar bara a kan abin da zai amfani ubangidansa, ba don bara maƙaryaci ne ba, sai don cikinsa yana hannun wani. Abin da ya fi wuya shi ne ki yi wa takardar gidanku irin tambayar da za ki yi wa ta gidan wani.

Kuskure na biyu ya fi nauyi, kuma da wasa ya fara.

Shekarar da su Rifkatu suka tare a bayanmu, mijinta yana akawu a wata ma'aikata, muna tsaye a bakin shinge ƙarƙashin mangwaron nan na tambaye ta garinsu. Da ta faɗa, sai na tafa hannu.

Na ce, "Ashe ke 'yar tsauninmu ce. Ai ku ne masu kawo mana zuma."

Ta ce, "Ku su wa?"

Na ba ta labarin gafaka tun daga farko, ina murna kamar na tsinci 'yar uwa. Ta saurara tana cire ganye daga shinge. Da na gama na ce, "To in kin je gida Kirsimeti, kada ki dawo hannu rabbana. Ki yi yadda kakanninki suka saba."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Binta, ke dai kwaɗayi ne da ke, kika jingina wa tarihi."

Bayan Kirsimeti sai ga ta da ɗan tulu, an ɗaure bakinsa da ganye. Uwarta ce take gina tulunan da hannunta. Haka ta riƙa yi kowace shekara. Ni kuma in na hango ta sai in ce, "Haraji ya iso," mu yi dariya. Ina ɗauka wasa ne irin na tsakanin garuruwa, wanda ke ƙara zumunci. Ke kanki da zumar nan aka riƙa yi miki maganin tari.

Akwai abin da ban lura da shi ba. Kin san yadda muke da su. Ran Sallah ke kike kai musu tuwo da waina, Saratu ta dawo da kwanon da cincin a ciki. Ran Kirsimeti su aiko da shinkafa, da naman da suka sa mai gadinmu ya yanka don mu ci hankali kwance, ni kuma in mayar da kwanon da yajin daddawa, domin Rifkatu ta ce miya ba ta yi mata daɗi sai da yajina. Duk kwanon da ya ƙetare shingen nan yana komawa da wani abu. Ban da tulun. Shi in zuma ta ƙare sai in wanke in ajiye a sito. Ban taɓa tunanin mayar da shi ba, domin a raina ba kwanon maƙwabta ba ne, abu ne da aka saba kawo mana.

Sai shekarar da Kirsimeti ta faɗo cikin azumi. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, maganar Shari'a ta cika gari. A rediyo ita ce, a motar haya ita ce, a ɗakin malamai ita ce. Ni ina cikin masu murna, har gobe kuma ban ji kunyar wannan ba. Amma a lokacin kowa ya koma tono tarihi yana neman sandar dukan ɗan uwansa. Wannan ya ce kakanninsa ne suka kawo haske, wancan ya ce nasa aka zalunta. Ranar da aka koma makaranta bayan Sallah, ana cikin irin wannan musu, Rifkatu ta shigo da tulu a cikin jaka ta ajiye mini a tebur. Wani malami yana cewa mutanen kudu ba su taɓa zama lafiya da sarakunanmu ba. Sai na ɗaga tulun sama.

Na ce, "Ga shaida. Tun zamanin Mai Tambari suke kawo mana zuma don ƙauna, ga shi har yau ba su daina ba. Ko ba haka ba, Malama Rifkatu?"

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ja kujera ta zauna, ta cire tabarau ta goge, sannan ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Binta, a takardar taku an rubuta abin da aka zuba mana a tulunan da za mu koma da su?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "An rubuta abin da ya sauko daga tsauni. Ina tambaya ne ko an rubuta abin da ya hau."

Sai ta ce a garinsu akwai waƙar da mata ke yi in suna niƙa. Waƙar ta ce Mai Tambari ya zo da rani, ya ƙone rumbuna, ya zauna a gindin tsauni har yunwa ta sauko da mutane. Rijiyar kakanninta ne suka haƙa da bulala a bayansu, don dawakansa su sha. Zuma kuwa haraji ce da aka yanka musu, kuma shekarar da ba ta cika ba, da yara ake cikewa. Ta ce har yanzu ranar da ake ɗebe zuma a garinsu, uwa ba ta barin ɗanta ya fito ƙofar gida, ko da ba ta san dalili ba.

Na ce, "To me ya sa kike kawo mini duk shekarun nan?"

Ta ce, "Don ke nake kawowa, ba don takardarku ba. Mamata takan tambaye ni wa nake kai wa, in ce ƙawata. Sai ta ce, me take zubo miki a tulun? In ce ba a dawo da shi ba tukuna."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta ɗauki alli ta fita.

Ummi, ki koyi sauraron abin da labari ya yi shiru a kansa. Marubucin fada ba lalle ne ya yi ƙarya ba. Zuma ta sauko, gaskiya ne. Rijiya tana nan, Rifkatu ta ce har yau ana sha. Abin da ya yi shi ne ya faɗi rabi ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ubangidansa ba zai so ji ba. In aka ce miki mutane sun yi wa mai takobi kyauta, ki nemi abin da shi ya mayar musu. In ba ki samu ba, ki yi shakkar sunan da aka ba abin. Ki kuma kula da al'adar da mutane ke yi ba tare da sun san mafarinta ba. Uwar da ke tsare ɗanta a ɗaki ranar zuma ba sarauta take nema ba.

Kada ki ɗauka daga nan na yi hankali. Sai na faɗa wani ramin. Na koma gida da zafin rai, na je wurin Malam, lokacin idonsa ya fara rauni, na ce masa abin da yake karanta mana duk ƙarya ce ta 'yan fada. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, ita waƙar tasu me ta ce game da ƙarshensa?" Na san amsar, domin a ranar na tambayi ɗalibai 'yan yankin, sun kuwa gaya mini. Waƙar ta ce ƙudan zuma ne suka taso daga kogo suka kashe shi da dukan rundunarsa a gindin tsaunin, ko mutum ɗaya bai koma ba. Malam ya ce, "In ba wanda ya koma, wa aka ci gaba da kai wa zumar?"

Kin gani, wanda aka zalunta shi ma yana da abin da zuciyarsa ke bukata. Mutanen da aka ƙone wa rumbu suna bukatar labarin da azzalumi zai mutu a ƙofarsu, don su iya ɗaga kai a gaban 'ya'yansu. Shi ya sa alƙalin da ya ƙi shaidar bara yake ƙin shaidar abokin gaba a kan abokin gabansa. Na yi wa ubana rashin kunya a banza, na yar da takarda gaba ɗaya na rungumi waƙa gaba ɗaya, kamar yadda a da na yi akasin haka. Bai sake buɗe gafakar a gabana ba har Allah Ya karɓi ransa.

Na je ɗakin karatu na nemo abin da wani Baturen mulki ya rubuta kan yankin, ina tsammanin shi ba shi da dangi a ko'ina, zai raba mana gardama. Ya zagi Mai Tambari, ya kuma raina mutanen tsauni, ya ce dukansu ba su san zaman lafiya ba sai da Turawa suka zo. Bai ji yaren kowa ba, ta bakin tafinta ya ji komai, tafintan kuma daga fada aka ba shi. Shi ma ashe yana da gidan da yake cin tuwo. Za ki ci karo da irin littafinsa da yawa a jami'a, masu kyan bango da tsabtar rubutu. Ki karanta, amma kada tsabtar ta ruɗe ki.

Abin da ya rage mini bayan duk wannan kaɗan ne, amma shi na fi amincewa da shi. Su ukun, takarda da waƙa da littafin Bature, da ba sa ga maciji da juna, sun haɗu a kan cewa Mai Tambari ya zo da rani, an haƙa rijiya, zuma ta riƙa saukowa kowace shekara. Inda maƙiya suka haɗu ba da son ransu ba, nan za ki iya taka ƙafa. Sauran ki ce wane ya ce, wance ta ce, ga dalilin da ya sa na fi karkata nan. Ni na fi karkata ga cewa dole aka yi musu. In kuma ba ki sani ba, ki rubuta ban sani ba. Ba a rage wa mutum daraja don wannan.

Kuskuren ƙarshe shi ne wanda har yau nake kwana da shi. Duk makonnin da na yi ina yawo tsakanin gafaka da ɗakin karatu, ban ƙetare shinge ba. Mukan gaisa a makaranta, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce ajinsa. Na ce wa kaina sai na gano gaskiyar magana tukuna, sannan in je mata da ita a hannu. Ana haka rikici ya tashi a Kaduna, zukata suka tsinke a nan ma. Mutane da yawa daga coci-cocin Giginyu da kewaye suka fara tura iyalansu gida. Abbanku ya shiga ya ce wa mijinta in wani abu ya taso su tsallako gidanmu, ƙofa a buɗe take. Ya yi godiya. Amma wata Asabar na dawo daga gidan suna na tarar da babbar mota a ƙofarsu, an riga an ɗaure kaya. Ke da Saratu kuna rungume da juna kuna kuka. Rifkatu ta riƙe hannuna ta ce, "Binta, ki yafe abin da na faɗa a gaban mutane." Ita ce ta nemi gafara. Ni kuwa bakina ya mutu. Tulunan suna cikin sito, tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa bakin titi ba, amma ban motsa ba har motar ta sha kwana.

Kada ki jira sai tarihi ya yanke hukunci kafin ki gyara tsakaninki da mai rai. Mai Tambari ya daɗe a ƙasa, zai iya jira. Maƙwabci ba ya jira.

Yanzu wasu ne a gidan, sun sare shingen sun yi katanga. Mangwaron dai yana nan, rassansa na zuba 'ya'ya ɓangare biyu. Da yamma in na dawo daga makaranta nakan tsaya a wurin, in ji kamar za ta leƙo ta ce, "Malamar tarihi, yau wa kika kashe, wa kika naɗa?" Babu wanda yake tsokanata haka yanzu. Tulunan sun fashe ɗaya bayan ɗaya, wajen ƙaura da kaya da wajen shara. Wannan kaɗai ya rage. Na cika shi da yajin daddawa, ni na daka da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba.

Wata tsohuwar abokiyar aikinmu da ke Kaura Goje ta ce mini Saratu tana aikin jinya a Zariya, na rubuta miki kwatancen a bayan takardar nan. Ta ce mijin Rifkatu ya rasu, ita kuma ta koma garinsu. Ki nemi Saratu tukuna. In an yi hutun farko, ki roƙe ta ta raka ki. Abbanku ya amince. Ki yi shigarki ta mutunci, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce mata Mama kamar da. Ki yi mata ta'aziyya a madadina. Kada ki ciro biro da takarda a ranar farko. In ta sake da ke, kika ga fuska, ki roƙe ta ta rera miki waƙar niƙan har ƙarshe, ki sha ruwan rijiyar, ki saurara da kyau. Tambayoyinki na 'yan jami'a ki bari sai kin fito.

Wataƙila ta tambaye ki me ya sa sai yanzu. A nan nake jin tsoronki, domin na san kina sona. Za ki so ki ce uwarki ba ta da lafiya, ko aiki ya yi mata yawa, ko ba ta san inda suke ba. Kada ki yi. A wannan maganar ke ce marubucin fada, a gidana kika ci tuwo. Ki faɗa mata yadda na faɗa miki, har da wurin da na ɗaga tulu a gaban mutane, har da wurin da na yi shiru a bakin mota. Ki ba ta tulun da hannu biyu, ki ce Binta ta ce an dawo da shi.

In ta karɓa ta ajiye ba ta ce komai ba, hakkinta ne, ki yi sallama ki taho. In kuwa ta juye yajin ta miƙo miki tulun, ko da gyaɗa ce ta zuba a ciki, ki riƙe shi da kyau a mota, ki aiko mini da saƙo a ranar. Zan shiga motar Zariya washegari, ki raka ni wurinta.

Allah Ya tsare ki a zaune da a tafe, Ya buɗe miki ƙirji ga karatu, Ya ba ki harshen da ba ya ƙara wa gaskiya gishiri ko don ni. Allah Ya kai ki tsaunin nan lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ya yi miki daɗi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta